Amsar Yaya a gurup ɗin ɗaliban garinmu kan maganar masta a jenetiks

Salamu alaikum. To ƙanina na ji muryarka, wai ko da digirin bayoloji za ka iya yin masta a jenetiks, wato ilimin gadon halitta. Za ka iya mana, amma ni na san ba nan gizo ke saƙar ba, lissafi kake gudu, tun sakandare na san halinka. To in dai halayen nan ne masu sarƙaƙiya, tsawon mutum, hawan jini, ciwon suga, yawan nonon saniya, wallahi lissafin ne zai yi maka maraba a bakin ƙofa.

Kai sikila ka sani, AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wannan ƙwayar gado ɗaya ce, ko Inna ta gane shi. Amma tsawo fa? A 2022 an haɗa bayanan mutum sama da miliyan 5 aka samo wurare wajen 12,000 a DNA, kowanne ɗan mitsitsin tasiri gare shi, ga kuma abinci ga cutar yarinta duk sun sa hannu. Kuma yawancin mutanen Turawa ne, shi ya sa in an auna mu da lissafinsu sai ya riƙa kaucewa. Saboda haka R, manhajar lissafin alƙaluma, dole, kwamfuta dole.

Ni a mastata kan wake na yi bincike, kowane iri na shuka shi wuri uku a gona ɗaya, don a raba abin da iri ya bayar da abin da ƙasa ta bayar. Saura kamar sati biyu a fara tsinka, sai awakin wani maƙwabcinmu suka faɗa suka share min kashi guda kaf, na je masa, buɗar bakinsa wai ai harawa ce. Harawa! Damina guda ta tafi, malamina ya ce sai baɗi, mutumin nan har yau ko sannu, kuma sahu ɗaya muke sallah.

A'a bari na gyara, ban ce babu aikin lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, ba, akwai cire DNA, amma kwana nawa ne. Ka leƙa BUK da IAR Samaru, cibiyar binciken noma ta ABU Zariya, in dabbobi ne NAPRI Shika, cibiyar binciken kiwo, IITA ma, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, suna da gona a Minjibir. Ka fara neman malamin da ke da aiki a hannu kafin ka sayi fom, kuma in gona za ka yi ka sa kuɗin shinge a lissafi tun farko.