Kyanwata ta cika min gida da 'ya'ya, in yi mata aikin hana haihuwa ko zalunci ne?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita, dan Allah ina neman shawara. Kyanwa ɗaya na ɗauko shekara biyu da suka wuce, yanzu haihuwarta uku, na rabar na rabar har na rasa wanda zan ba, guda tara ne a gidan yanzu. Ance min akwai aikin da ake yi musu su daina haihuwa, maigidana yace wannan zalunci ne, ni kuma na gani a intanet wai aikin yana jawo cutar kansa (ciwon daji). Wata ƙawata tace in sa ayi mata allurar tazarar haihuwa kawai. Sannan muna da ɗan kwikwiyo namiji irin German Shepherd wata huɗu, shima ance a dandaƙe shi. Kuma ɗana ya matsa sai an sayo masa wani karen. Ya zanyi?

Amsa:

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya saka da alheri da kika tsaya kika tambaya baki kwashe su a kwali kin kai bola ba, dan abinda mutane da yawa keyi kenan idan abin ya ishe su.

Bari in fara da kyanwar dan ita ce ta gaggawa. Ki kai ta ayi mata aikin, ita da duk 'ya'yan da suka kai wata huɗu zuwa biyar, maza da mata. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne kacal, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kuma tana cikin shayarwa ma ciki na iya shiga. Ba ruwansu da dangantaka, muzurun da ta haifa bara shi zai bi ta bana, ya bi ƙannensa ma. Toh a cikin taran nan naki in dai akwai mata huɗu, kinga kafin shekara ta zagayo maganar ta wuce ashirin. Akwai wani lissafi da ake yawan yaɗawa wai kyanwa ɗaya da zuri'arta suna kaiwa 420,000 cikin shekara bakwai, wannan kam zuƙi ta malle ne, kuma dalilin da yasa baya tabbata shine abin tausayin, yawancin 'ya'yan mutuwa suke. Wani bincike da aka wallafa a 2004 kan magunan da ke yawo a waje a Amurka ya nuna kashi 75 cikin ɗari na 'ya'yan suna mutuwa ko su ɓace kafin su cika wata shida. Yunwa, mura, tsutsar ciki, mota, karnuka. Duk wanda ya taɓa tsintar jaririyar mage idonta ya manne da ƙwantsa, ciki ya kumbura haƙarƙari a waje, tana buɗe baki kukan ma baya fita, ya san me nake faɗa.

Shiyasa maganar maigida na fahimce ta, kuma ina girmama duk mai jin tausayin dabba, amma a gaya masa yadda aikin yake tukuna. Ba danne dabba ake a yanka tana ihu ba. Allurar barci ake mata, a haɗa da ta kashe zafi, a aske gashin wajen, a ɗan tsaga ciki ko gefen ciki tsawon da bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ko biyu ba, a cire ƙwayayen haihuwa, sau da yawa har da mahaifar, a ɗinke. A hannun wanda ya ƙware bai cika wuce rabin awa ba. Na muzuru ma yafi sauƙi, mintuna kaɗan ne kuma ko ɗinki ba'a yi. Washegari zaki ganta tana neman abinci. Eh allurar barci tana da nata haɗarin kamar kowace tiyata, amma ga dabba mai lafiya ƙarama haɗarin kaɗan ne sosai, haihuwa a kai a kai ta fi shi cinye jiki nesa ba kusa ba.

Ita kanta magen tana ƙaruwa da aikin. Kansar mama a jikin mage mugun abu ne, sama da kashi 80 cikin ɗari na ƙullutun da ke fito musu a nono mai yaɗuwa ne, kuma wadda aka yiwa aiki kafin wata shida haɗarin kamuwarta yana raguwa da kusan kashi 90. Ga kukan nan na dare da take yi idan tana neman namiji, wanda in ba'a barbare ta ba yake dawowa duk bayan sati biyu zuwa uku, shima zai tsaya. Muzuru kuma yawancinsu suna daina fesa fitsarin nan mai wari a bango, su rage yawon dare da faɗa, kuma ta cizon faɗan ne suke ɗaukar wata cuta mai karya garkuwar jikin maguna, banda ƙurajen mugunya a kumatu da gindin wutsiya da muke ta matsewa kullum.

Allurar tazarar haihuwa da ƙawarki tace, dan Allah kar kiyi. Tana hana cikin kam na ɗan lokaci, sai dai irin sinadarin da ke cikinta in aka riƙa maimaitawa yana jawo ruɓewar mahaifa, ƙullutu a nono, har da ciwon suga a maguna. Ƙarshenta dai tiyatar da ake gudu ita za'a yi, kuma a lokacin dabbar tana kwance rai a hannun Allah.

Ita wannan ruɓewar mahaifar ya kamata duk mai karya ko mage ya santa. A karya tafi yawa. Sati huɗu zuwa takwas bayan ta gama jinin neman namiji sai kiga ta daina cin abinci, tana ta shan ruwa kamar me, tana amai, wani lokaci mugunya mai wari na fita ta gabanta, wani lokacin kuma ba abinda ke fita dan bakin mahaifar a rufe yake, wannan shine mafi haɗari. Idan muka buɗe cikin, mahaifar da a da bata fi kaurin fensir ba sai mu same ta ta kai kaurin hannun mutum, cike da mugunya, ana ɗagawa a hankali ana addu'a kar ta fashe. A ƙasar Swidin inda ba'a cika yiwa karnuka aikin ba, bayanan inshorar dabbobi sun nuna kusan ɗaya cikin huɗu na karnuka mata na kamuwa da ita kafin su shekara 10.

Sai maganar kansa da kika gani a intanet. Ba ƙarya bace, amma akan karnuka akayi binciken, manya-manya ma kuwa, kar ki ɗora shi akan kyanwarki. A 2013 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun duba bayanan karnuka irin Golden Retriever guda 759, suka ga mazan da aka dandaƙe kafin shekara ɗaya matsalar gocewar ƙugu ta ninka a cikinsu, ga tsinkewar jijiyar gwiwa, ga wasu nau'ikan kansa da suka ƙaru. A 2016 suka duba irin naki, German Shepherd, suka samu kashi 21 cikin ɗari na mazan da aka yiwa kafin shekara ɗaya sun samu ciwon gaɓa, waɗanda ba'a yiwa ba kuma kashi 7. A 2020 suka faɗaɗa zuwa iri 35, a nan aka ga ƙananan karnuka kusan ba ruwansu da wannan matsalar ta gaɓoɓi. Dalilin da ake zato kuma shine, sinadaran da maraina da ƙwayayen haihuwa ke fitarwa suna cikin masu sa ƙashi ya daina tsawo idan lokaci yayi, in aka cire su da wuri ƙashin ƙafa sai ya ɗan zarce, gaɓa ta kasa zama daidai, kuma babban kare mai nauyi shi zai fi jin jiki.

Dan haka kwikwiyonki ki ƙyale shi yanzu. Ki bari ya gama girma, aƙalla ya wuce shekara ɗaya, masu wancan binciken ma sun fi son a kai shekara biyu a irin nasa. Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan nake so ki riƙe da kyau: kar ya fita shi kaɗai. Kare namiji yana jin ƙamshin macen da ke neman barbara daga nesa, zai haƙa ƙarƙashin katanga, zai tsallake ƙofa, dare ɗaya ya isa ya bar 'ya'ya takwas a wani kango da ba mai kula dasu. In kin san gidan bazai iya tsare shi ba, gara ayi masa da wuri a ɗauki wancan haɗarin. A wasu ƙasashe akwai wani ɗan abu da ake sawa ƙarƙashin fata mai suna Suprelorin da ke dakatar da haihuwar namiji na wata 6 ko 12, in likitanku yana dashi zaku iya tattaunawa. Kuma kar kowa ya ce miki dandaƙa na gyara halin kare gaba ɗaya, tana rage yawo da hawan kaya da fitsari a ko'ina, amma karen da ke cizo saboda tsoro horo yake buƙata. Gadi kuma zai cigaba da abinsa.

Masu adawa da aikin suna yawan kawo misalin Norwe, inda doka ta hana a yiwa kare wannan aikin haka kawai sai da dalilin lafiya ko jin daɗin dabbar, kuma duk da haka basu da karnukan titi. Gaskiya ne. Amma can ba'a sakin kare yayi ta yawo babu mai shi, ba'a barinsa yayi barbara yadda ya ga dama, kuma su ɗin ma maguna suna yi musu aikin. Inda ba'a da wannan tsarewar kuwa sai ki dubi Amurka. A shekarun 1970 an ƙiyasta sama da karnuka da maguna miliyan 12 ake kashewa duk shekara a gidajen ajiye dabbobi marasa masu su, saboda ba wajen sakawa. Da aka dage da aikin hana haihuwa mai rahusa da kuma jan hankalin mutane su riƙa ɗauka daga can, ƙiyasin ƙungiyar kula da dabbobi ta ASPCA na 2019 ya nuna wajen miliyan 6.3 ke shiga a shekara, ana kashe kimanin 920,000. Har yanzu da yawa wallahi, kuma da yawansu lafiyarsu ƙalau, keji ne kawai ya cika.

Abin ya shafi mutane ma kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya tace ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Asiya da Afirka, yara ne da yawa a ciki, kuma kusan kashi 99 daga kare ake ɗauka. Sa guba ko harbe karnukan titi an gwada a wurare da dama bai yi ba, dan muddin akwai shara da abinci a wajen wasu ne zasu zo su cike gurbin, waɗanda suka rage kuma su hayayyafa. Abinda aka ga yana aiki shine a kama, ayi aikin, ayi rigakafi, a mayar dasu inda suke, in rigakafin ya kai kashi 70 na karnukan yanki cutar sai ta daina yawo. Birnin Jaipur a Indiya tun 1994 suke wannan tsarin.

Maganar yaronki kuma, ni da zaki ji tawa a jinkirta har a gama da taran nan da kwikwiyon. In lokacin yayi, kafin a nufi masu kiwo dan sayarwa a fara duba gidajen ajiye dabbobi ko masu ceto su in akwai a kusa, ko wani da karyarsa ta haihu yake neman mai ɗauka. Duk kwikwiyon da aka saya an ƙarfafa wa mai sayarwa gwiwa ya sake haɗa wata barbarar. Mutane na tsoron wai dabbar da aka yasar tana da mugun hali, alhali yawanci matsalar daga masu ita ne, tashi daga gida, rashin kuɗi, mai gidan haya ya hana. Babban kare ma yana da wani amfani, girmansa da halinsa duk a fili suke. Ki dai yi tambaya sosai, an masa rigakafi, ya taɓa cizo, ya saba da yara, ya saba da maguna (wannan dole ne a gidanki). Kuma ki bashi makonni ya saba, kwanakin farko zai iya laɓewa a lungu yaƙi cin abinci.

In kin tashi kai magen, ki bari ta yaye na ƙarshen, wajen sati biyu bayan sun daina tsotso nono ya ƙafe, amma a tsakanin nan ki kulle ta kar muzuru ya isa gareta, in kuma tsarewar bazata yiwu ba ki faɗawa likitan ayi da wuri. Zai gaya miki awa nawa za'a hana ta abinci kafin aikin, ƙananan 'ya'ya ba'a barinsu da yunwa mai tsawo. Bayan aiki a ajiye ta a ɗaki mai tsafta, a sa mata abin wuyan nan mai kamar mazurari dan kar ta lashe ɗinkin, ba wanka ba tsalle-tsalle har kwana 10 zuwa 14. Kiga wajen ya kumbura sosai, yana ruwa, ko ta wuni bata ci komai ba, ki maida ta. Kar ki kuskura ki bata parasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe mage, maganin da likita ya bayar kaɗai. Muzuran da aka yiwa kuma a raba su da matan da ba'a yiwa ba na wajen wata guda zuwa sati shida dan sauran maniyyi na nan a jiki. Sai abinci, bayan aikin jikinsu baya ƙona shi kamar da, ki rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu in kinga sun fara ƙiba. In kuɗin yin su duka lokaci ɗaya zai yi nauyi ki fara da uwar, sai manyan 'ya'ya mata, mazan su biyo baya, kuma ki tambayi likitan ko akwai ƙungiya ko asibitin koyarwa da ke yi da rangwame. Allah ya bada iko.