Tambaya da Amsa: In ɗauki mai haɗa ni da masu saye na ƙetare?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na shekara 9 ina sana'ar riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau, kuma duk kayana masu saro wa kamfanoni nake sayar wa. Wani mutum da ke yawan halartar bajekoli a ƙetare ya ce zai haɗa ni da masu saye a Turkiyya da Meziko, da sharaɗin in riƙa biyansa kowane wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Shin in amince? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Aikin da mutumin nan ya zo maka da shi dillanci ne, ko da ya sa masa sabon suna, kuma kakanninmu sun daɗe da saninsa. Fataken goro da ke zuwa Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, ba su shiga kasuwar Salaga haka kawai. Kowa na da maigidansa a zango, wanda zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya nemo mai saye, sa'annan idan an bayar da bashi shi ne yake tsayawa lamuni. Abin da maigida yake sayarwa mutuncinsa ne, domin idan mai saye ya gudu, kunyar da asarar a kansa suke sauka. Da wannan ma'auni ya kamata ka auna mutuminka: idan ya haɗa ku, kaya suka tashi, kuɗi suka maƙale, me zai rasa? Idan ba zai rasa komai ba, to lambobin waya kawai yake sayar maka, irin waɗanda ake samu a LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da 'yan kasuwa, ko a littafin mahalarta bajekoli.

Don haka ban goyi bayan biyan wata-wata ba. Abin da kasuwa ta saba da shi shi ne la'ada bayan ciniki ya faɗa, kuma a fiƙihu akwai babin ju'ala, wato ladan da ake ɗaurawa a kan kammaluwar aiki. Idan ya ce yana da ɗawainiyar tafiya, ku yanke adadi sau ɗaya, a rubuta cewa za a cire shi daga la'adar farko. Takardar ta bayyana kason la'ada, da ko a kan cinikin farko ne kaɗai ko har na gaba, da tsawon lokacin. Nan ne aka fi samun saɓani, domin mai haɗi yana ganin haƙƙinsa na nan muddin kuna hulɗa, kai kuwa kana ganin ka sallame shi tun tuni. Ka kuma tambaye shi ƙarara ko yana karɓar wani abu daga ɓangaren masu sayen, saboda mai ci baki biyu ba zai matsa musu a kan farashi ba.

Kafin sa hannu, ka nemi ya ambata 'yan kasuwa biyu ko uku da ya taɓa haɗawa, ka same su da kanka ba tare da shi ba, sa'annan ka duba rajistar kamfaninsa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya.

Akwai kuma abin da ba zai yi maka ba. Mai saye a ƙetare zai tambayi rajistar kamfaninka, da takardar shaidar fitar da kaya ta NEPC, wato hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki zuwa ƙetare, da shaidar lafiyar amfanin gona, kuma zai so a aika masa samfuri a gwada tsabtarsa da danshinsa. Idan babu waɗannan a hannunka, duk wanda aka gabatar da kai gare shi zai gaishe ka da fara'a ne ya wuce. Ka fara haɗa waɗannan takardu, ka kuma leƙa ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA a nan Kano, inda masu fitar da kaya suke haɗuwa; mai yiwuwa a cikinsu ka samu wanda ya san mutumin nan ya gaya maka halinsa.