Tambaya da Amsa: Kuɗin makaranta nake biya ko kuɗin wasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗana shekararsa huɗu, yana aji biyu na nazire. Kullum ya dawo rigarsa duk ƙasa da fenti, in na tambaye shi me suka yi yau sai ya ce sun yi waƙa, sun gina gida da katako. Ko aikin gida ba a ba shi. 'Yar maƙwabciyata kuwa sa'arsa ce, amma tana rubuta 1 zuwa 100, jakarta cike da littattafai. Babansa ya ce da zarar zangon nan ya ƙare mu cire shi. Me kika gani?
Daga wata uwa a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ba maigida haƙuri, kada a cire yaron nan tukuna.

Yau da yamma ki zuba tsakuwa ko marafan lemo a faranti, ki ce ya miƙo miki guda bakwai. Ki zuba masa ido kawai, kada ki taya shi. Lokacin da nake koyar da 'yan nazire na sha ganin yaron da zai rero miki 1 zuwa 100 ba gargada, amma ki ce ya ba ki bakwai sai ya dumbuzo cikin hannu ya miƙo. Hadda ya yi, bai iya ƙirga ba. Ƙirga ita ce yaro ya gane cewa kowace tsakuwa lamba ɗaya take ci, kuma lambar da ya tsaya a kanta ita ce yawan abin da ke hannunsa. Wannan da yatsu ake koyon sa, ba a jikin allo ba.

Ginin katakon da kike rainawa ma haka ne. Ki tsaya kusa da yaro yana jera su: zai ɗora babba a kan ƙarami, ginin ya rushe, ya ɓata rai, ya sake. Can sai ki ga ya jawo mai faɗin ya sa a ƙasa, ba wanda ya gaya masa. Malamar da ta san aikinta a nan take shigowa, ta durƙusa ta ce, "Naka da na abokinka wanne ya fi tsawo? Guda nawa za ka ƙara su zo daidai?" To ai lissafi ke nan, har da ragi da tarawa, yaron bai ma san an yi masa darasi ba.

Batun rubutu kuma, a nan ne nake yawan saɓawa da iyaye. Yatsun ɗan shekara uku ko huɗu ba su gama ƙwari ba, shi ya sa yake damƙe fensir da dukan hannu. Murza yumɓu, zura duwatsu a zare, yaga takarda, shafa fentin nan da yake ɓata miki riga, su ne ke ƙarfafa yatsun har su iya riƙon fensir yadda ya kamata. Shafi cike da haruffa masu kyau a littafin ɗan ƙaramin yaro ba ya burge ni, don na san yadda ake samar da shi: malama ce ke kama hannunsa tana ja, shi kuwa idonsa na kan taga.

Kada ki ɗauka sabon yayi ne. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya fito da irin wannan aji a shekarar 1840, da waƙa da ƙwallo da 'yan katako da aikin lambu ya fara. Maria Montessori, wadda makarantun kuɗi ke son liƙa sunanta a allon ƙofa, likita ce da ta buɗe ajinta na farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907. Haruffan samfefa ta yi wa yara, irin wadda kafinta ke goge katako da ita, suna bin su da yatsa tun kafin a ba su fensir. A ƙasar Finlan sai yaro ya kai shekara 7 yake shiga firamare. Mu ma nan, kundin manufar ilimi ta Najeriya ya ce wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, ya kuma ƙayyade yara 25 ga malami ɗaya. Masu makarantu ne suka ga iyaye littafi suke son gani, suka biye musu.

Sai dai fa ba kowane wasa ne karatu ba, kuma ba zan yi wa makarantar da ban gani ba shaida. Ki shirya wata safiya ki je ba tare da kin sanar ba, in da hali ku tafi da babansa, tunda shi ne mai shakka. Ku duba: malamar tana cikin yaran tana yi musu magana, ko tana gefe tana latsa waya? Su nawa ne a ajin? Akwai lokacin labari, ana barin su su yi tambaya? In kun tarar an tara yara arba'in an kunna musu katun tun safe har tashi, to maigida ya yi gaskiya, ku nemi wata. In kuwa kun ga ana tafe da su daga waƙa zuwa gini zuwa labari, kuma malamar za ta iya gaya muku abin da ɗanku ya iya da abin da ke ba shi wuya ba tare da ta buɗe rajista ba, ku bar shi.

Aikin gida kuwa yana hannunki. Ya taya ki tsince wake, ya ware cokula manya da ƙanana, ya haɗa takalman gidan ƙafa bibbiyu. Yayyensa su koya masa carafke. Da dare ki yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ki tsaya a tsakiya ki ce, "To me kake jin Gizo zai yi?" Washegari ki ce shi ya ba ki labarin daga farko.

Rigar kuma, ki ɗinka masa ta biyu.