Amsar tambayar jiya: me ke fizgar iskar duniya zuwa sama?

Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena, kai da ka tambaya jiya wai ka ji iskar duniya tana yoyo zuwa sararin samaniya, me ke korar ta? Yi haƙuri, kuran aka ɗauke mana a Birni, waya ta mutu, sai yanzu.

E, tana yoyo. Can ƙololuwa, hasken rana mai ƙuna yana dukan ƙwayoyin iska, ya ɓantare musu elektaron, wani ɗan ƙanƙanin ɓangare mai caji da ke jikin kowace ƙwaya. Wadda aka ɓantare wa ita ce ayon, ta zama mai caji ke nan.

To saurara nan. Elektaron ba nauyi, shi dai ya tsere sama. Ayon kuwa nauyi gare shi, ƙasa tana riƙe da shi. Amma ba su rabuwa. Ka taɓa ganin yaro a Kasuwar Dole ya hango mai alewa, ya damƙi zanen uwarsa yana ja? Ba ta yi niyya ba, amma sai ka ga ta ɗaga ƙafa. To wannan ja-in-ja shi ke haifar da ɗan lantarki. A 2022 NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta harba roka mai suna Endurance daga tsibiran Svalbard, ta kai kilomita 768, ta auno shi: bolt 0.55. Rabin bolt fa! Ko pil ɗin rediyo 1.5 ne. Amma a jikin ayon na haidurojin ya fi jan ƙasa sau 10 da ɗoriya. Sai su sulale ta can ƙurewar arewa da kudu, inda layukan maganaɗisun duniya suke a buɗe.

Abu na biyu mai korar iska shi ne iskar rana, wato ƙwayoyi masu caji da rana ke fesowa, mai gudun kilomita wajen 400 a daƙiƙa. Ita ta yashe duniyar Mas. Kumbon MAVEN ya isa can a 2014, ya tarar ana kwashe mata iska kamar giram 100 duk daƙiƙa.

Mutane na cewa ai rashin garkuwar maganaɗisu mai tare iskar rana ne kawai ya ja wa Mas wannan. Ni ban yarda ba gaba ɗaya. Zara matar wata ma ba ta da garkuwar, ga iskarta nan jibge. Mas ƙarama ce, riƙonta ba ƙarfi, wannan ma a sa shi a lissafi.

Mu nan duniya kamar tan 90 na iska ke fita a yini. Bari in tsaya, an kira la'asar.