Kai tumatir da mangwaro Damagaram: me ake dubawa a iyaka?

Tambaya: Ina noman rani a wajen Gumel. Ina so in kai tumatir da mangwaro da ɗan irin dashe Damagaram ta Maigatari, sai aka ce za a iya ƙwace su. Me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, jami'ai iri biyu ne za su tare ka. Kwastan haraji suke dubawa. Su kuwa jami'an NAQS, hukumar da ke hana cututtuka da ƙwarin amfanin gona ƙetare iyaka, ƙwaro suke nema, kuma Nijar ma tana da nata. Idan kayan sayarwa ne, ka je ofishin NAQS kafin ka yi lodi, su duba, su ba ka takardar shaidar lafiyar kaya.

Kada ka ɗauka takura ce. Tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ita ce ta cinye tumatirin Kadawa da Kura a jihar Kano a 2016, kuma kwando ɗaya ya isa ya kai ta wata ƙasa. Ƙwanta yana maƙale a ganye, tsutsar kuma tana shiga ta ƙarƙashin hancin tumatir, ta bar 'yar huda kamar ta allura. Don haka a zauna a tsince ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga hancin a duba, mai huda a binne shi a rami, kada a yar a bakin gona. A daina shimfiɗa ganye ko ciyawa a gindin kwando, nan ƙwaron yake ɓuya. Kiret ɗin roba mai cin kilo 25 ya fi kwando, don ana wanke shi, kuma na ƙasa ba ya matsewa.

Mangwaro kuwa, duk wanda ka ga ɗigon baƙi da laushi a fatarsa, mai yiwuwa ƙuda ne ya yi ƙwai a ciki. Wanda ya faɗo ƙasa kada ya shiga mota.

Irin dashen nan shawararmu ka bar shi a gida. Tsiro mai ƙasa a saiwarsa shi aka fi tsanantawa a kai, saboda ƙasar tana ɗauke da cutar da ido ba ya gani. In ya zama dole, sai wanda za ka kai wa ya fara samo izini daga hukumomin Nijar.

Ka yi lodi da yamma, ka isa iyaka da sassafe, kafin rana ta dafa kayan a layi.