Mai wankin ƙoda da tafiya a ƙasa: ku bar Baba ya je masallaci

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Kin ce 'yan watanni ke nan da aka fara yi masa wankin ƙoda, yana son ya riƙa takawa zuwa masallacin unguwa, yayyenki kuma sun hana shi ko leƙa zaure, wai kada jikin ya ƙarasa lalacewa. Kina tambaya ko tafiya tana cutar da mai wanki.

Ni ma a kan injin nake, an daɗe ana yi, a nan Maraɗi nake zaune. Amsata ita ce ku bar shi ya taka, in dai likitansa ya duba zuciyarsa ya ce ba matsala. Sai dai akwai ranar yi, akwai lokacin yi.

Yayyenki tausayi ne ya sa, amma kwanciyar nan ta fi tafiyar ci. Injin yana cire datti da ruwa, yana kuma tafiya da wani abu daga cikin sinadaran da ke gina tsoka. Ga abinci ba ya shiga kamar da. Ga ƙarancin jini, tunda ƙoda ce ke fitar da abin da ke sa ɓargo ya ƙera jini, shi ya sa ake yi mana allurar EPO. Mutum ya yi awa 4 a kwance ana wanki, ya dawo gida a shimfiɗa masa katifa har zuwa wani wankin, to da me cinya za ta tsaya? Na ga dattawan da suka fara zuwa ɗakin wanki da ƙafarsu, suna zolayar ma'aikata. Ba a rufa shekara ba sai ga su 'ya'ya biyu na ciccibo su daga adaidaita. Wasu ciwon ne ya yi tsanani, gaskiya ne. Wasu kuwa ƙafa ce kawai ta mutu don an daina amfani da ita.

Kuma abin da masu lafiya ba sa lura da shi: mu ba gudu muke nema ba. Abin da ke ranmu shi ne mutum ya tsuguna a bayi ya miƙe da kansa, ya ɗauki butarsa, ya tashi daga sujada ba tare da an kama shi ba. Dattijon da ya shekara 40 yana ciyar da gida, ranar da aka fara raka shi bayi, daga ranar yake rage magana, ya rage cin abinci. Sai a ce ciwo ne ya ƙaru, alhali zuciya ce ta karaya.

Ba zancen fada ba ne kaɗai. An yi wani bincike a Italiya, aka buga shi a 2017, da masu wanki kusan 300. Rabi aka ce su riƙa tafiya a gida, minti 10 sau biyu a rana, a ranakun da ba wanki, rabi aka bar su yadda suke. Bayan wata 6, masu takawar da a da suke cin mita 328 cikin minti 6 sun koma cin 367, sauran kuma suna nan inda suke. Ba keke, ba gidan motsa jiki, ƙafa kawai.

Ranar da ta fi dacewa ita ce washegarin wanki. Jini ya yi tsabta, ruwa ya ragu, gajiyar jiya ta sake shi. Ranar wankin kanta, bayan an sauko, a bar shi ya huta, domin awon hawan jini kan yi ƙasa, jiri na iya kayar da shi a hanya. Wadda na fi jin tsoro ita ce ranar ƙarshe kafin wanki. Ƙa'ida sau 3 ne a mako, amma da yawanmu sau 2 muke samu, wato akwai tazarar kwana 3 ko 4. A ƙarshen wannan tazara ruwa ya taru, potasiyom (wani sinadari da ke cikin abinci, wanda ƙoda mai lafiya ke fitar da rararsa) ya hau, shi kuwa potasiyom in ya yi yawa bugun zuciya yake rikitawa. Ranar, iyakarsa tsakar gida. In kuwa an tsallake wanki saboda kuɗi ko injin ya samu matsala, babu maganar motsa jiki sai an wanke.

Ya fara da minti 5, daga ɗaki zuwa ƙofar gida ya dawo. Duk mako a ƙara minti 2 ko 3. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: in yana tafe yana iya amsa gaisuwa har ya tambayi mutanen gida ba tare da haki ya yanke masa magana ba, to daidai yake. In maganar ta fara tsinkewa, ya rage sauri. Ga kuma wanda ya fi yi mini amfani: in zauna a kujera mai ƙarfi, in miƙe, in koma, sau 5 zuwa 10, safe da yamma. Wannan shi ya dawo mini da tashi daga tabarma.

Sai zafin garinmu. A Afrilu da Mayu kin san yana haura 40, mu kuma ruwan shanmu a ƙidaye yake. Yawanci ana cewa rabin lita, a ɗora adadin fitsarin da mutum ya yi jiya, kuma fura da kunu da shayi duk suna cikin lissafin. Wanda ya fita azahar a bazara zai dawo ya kafa kai a randa, ranar wanki sikeli ya tona masa asiri da kilo 4, a yi ta jan ruwa har jijiyar ƙafa ta murɗe. Don haka a bazara sallolin tafiyarsa su ne asuba da magariba da isha'i, azahar da la'asar ya yi a gida. Da hunturu an fi sakewa, sai dai a rufe hanci saboda ƙura. In ƙishi ya taso, ƙaramar ƙanƙara a baki ko kurkure baki a zubar. Kuma abin da ke kawo ƙishin tun farko gishiri ne da magi da kilishi, ba tafiyar ba.

Hannun da aka haɗa masa jijiya don soka allurar injin wanki, a kiyaye shi. Kada ya ɗauki bokiti ko buhu da shi, kada ya yi matashi da shi, kada a gwada masa hawan jini a wannan hannun. In zai riƙe sanda, ya riƙe da ɗayan. Ki koyi ɗora yatsu a wurin kowace safiya, za ki ji yana zirr a ƙarƙashin fata. Ranar da kika ji shiru, asibiti kai tsaye, ba a jira gobe. In kuma har yanzu ta robar da aka saka masa a wuya ake yi masa wankin, kada zufa ko ruwan wanka su jiƙa bandejin.

Ya tsaya nan take in ya ji ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya gagara, ko ido ya yi duhu, ko zuciya tana bugawa barkatai. Ranar da yake zazzaɓi, ko aka gwada hawan jininsa lambar sama ta haura 180, ba fita. In yana da ciwon suga, takalmi rufaffe, ba silifa ba, ki kuma duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu duk dare, domin ƙaya na iya shiga bai ji ba. Ƙashinmu ma ba shi da ƙwari kamar na sauran mutane, faɗuwa ɗaya tana iya karya ƙugu. Saboda haka rairayin lungunanmu da duhun asuba, a haɗa shi da jika mai riƙe da tocila. Ya yi tafiya kusa da shi, ba riƙe shi zai yi ba.

Masallacin da ya zaɓa da kansa ya fi duk wani tsari da za ki zana masa. Wanda aka ce ya zagaya tsakar gida sau 20, kwana uku zai yi ya gaji. Wanda ke da sahu da abokan hira, shi zai riƙa tambayar ko an kira salla. Ni da na koma zaman fada, barcina ya gyaru, ƙafar nan da ke hana ni sakat da dare ta lafa sosai. Illar fitar ɗaya ce: mutanenmu da kara. Wannan ya miƙo dabino, wancan ayaba, wata ta aiko da kwaɗon zogale wai yana ƙara jini, duk kuwa potasiyom ne cike. Wani kuma zai zo da jiƙo a gora ya rantse ya warkar da wane. Ki faɗa wa abokansa gaskiya tun wuri, sun fi jin kunyarki a kan tasa.

Ranar wanki mai zuwa ki ja babban yayanku ku tafi tare, ya ji da kunnensa. Ku tambayi likita nawa yawan jinin Baba yake a awon ƙarshe, ko zuciyarsa za ta ɗauki tafiya, da kilo nawa aka yarda ya ƙara tsakanin wanki da wanki. Ku kuma tambaya ko zai iya motsa ƙafafu a kan gadon wankin, domin a wasu wurare ana yin haka cikin awa 2 na farko, kafin jini ya fara sauka.