Kujerar masai tana girgiɗi: a ɗaga ta a duba ƙarƙashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda, gidan haya, hawa na biyu. Kujerar masai ta banɗakinmu, wadda ake kira afaranji, ta fi wata huɗu tana girgiɗi in an zauna. Sau biyu ina kiran mai gyara. Na farko ya ƙara ɗaure kusoshin gefe, na biyu ya zagaye gindinta da farin siminti, amma ba a yi sati uku ba simintin ya tsattsage. Yanzu har wari muke ji da asuba. Mahaifiyata ce ta fi amfani da ita saboda ciwon gwiwa, kuma ta fara tsoron hawa. Sabuwa zan saya, ko akwai gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyarta. Kafin komai, ina roƙonka ta dakata da hawa kujerar nan har a gyara. Tangaran ce, in ta fashe a ƙarƙashin mutum gefenta kaifi gare shi kamar aska, kuma dattijuwa mai ciwon gwiwa ba za ta iya zabura ta kauce ba.

Da wuya ka buƙaci sabuwa. Yadda ka kwatanta, matsalar tana inda ido ba ya gani, wato mahaɗar kujerar da bututun da ke ƙasa. A bakin bututun nan, wanda a gidajen Saudiyya galibi na roba ne mai faɗin inci 4, akwai wani zobe mai leɓe da ake kafewa a daɓe, masu sayar da kaya suna ce masa filanja. Yana da tsaga biyu, dama da hagu, inda kan kusoshin nan biyu yake maƙalewa. Ka ga ke nan kusoshin da kake gani a gefen kujera ba ƙasa suka kama ba, filanjar suka kama. In leɓenta ya karye, ko tsatsa ta cinye ta, ko ta saki daɓen, kusa ba ta da abin riƙo. Shi ya sa ɗaurin mai gyaran farko bai yi amfani ba, ƙarin ɗauri ma yana daɗa jawo karyayyen leɓen sama, wani lokaci har ya tsaga ƙafar kujerar. Na biyun kuma ya shafa mai a kan ƙurji ne. Farin siminti ba ya lanƙwasa, abin da ke motsi sai ya farfasa shi.

Warin da kuke ji shi ya fi damuna. Tsakanin gindin kujera da filanja akwai abin toshi, ko dai zoben kaki ko na roba. Kaki in an danne shi sau ɗaya ba ya komawa yadda yake, don haka duk girgiɗin da kujerar ta yi tana buɗe 'yar kafa. Ta nan iskar bututu ke fitowa, ta nan kuma ruwan najasa ke tsiyaya kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka kora. A yawancin gine-ginenmu tayil yana zaune ne a kan kwaɓin siminti da yashi, saman dakalin kankare. Yashin yana shan ruwan shiru, wata da watanni, babu wanda ya sani. Na taɓa ɗaga wata kujera a wani gida a Rusaifa, can Makka, kusa ɗaya ta biyo hannuna ta murmushe kamar busasshen kara, yashin ƙarƙashi ya koma baƙi ƙirin, kyankyasai suka watse ta ko'ina. Matar gidan kullum tana wanke banɗakin nan fes, tana mamakin inda wari ke fitowa, alhali ruwan ya riga ya fara zana taswira a silin maƙwabcin ƙasa. Ga kuma batun tsarki, wanda ba sai na tuna wa Musulmi ba: ruwan da ke fitowa ta gindin kujera yana haɗuwa da wanda ake takawa a fita a yi alwala.

To ga yadda ake yi. A rufe mahabas ɗin bango, wato makunnin da ke kai ruwa tanki, a kora ruwa, a tsane abin da ya rage a tanki da cikin kwano da soso, a cire tiyo. A kankare simintin nan a hankali da kurfi, kada a bugi tangaran. In noti ya ƙi kwancewa saboda tsatsa, a yanke kusar da zarton ƙarfe, dama ba za a mayar da ita ba. Mutum biyu su ɗaga kujerar sama tsaye, don wasu sukan haura kilo 40, a kwantar da ita a kan kwali. Nan take a cusa tsumma a bakin bututu, babba wanda ba zai zurma ba, saboda iskar da ke fitowa ba wari kaɗai ba ce, tana da illa a ɗan ƙaramin ɗaki marar taga. A kankare tsohon kakin tas, sannan a duba.

In tsagar gefe ce kawai ta karye, jikin filanjar yana nan daram a manne da bututu, aikin mai sauƙi ne. Akwai zoben gyara na ƙarfen da ba ya tsatsa, ana ɗora shi a kan tsohuwar a kafe shi a ƙasa da sukurori, shi ne zai riƙe sababbin kusoshi. In kuwa duk ta ragargaje, sai a yanke ta a sa irin wadda ke shiga cikin bututu, mai roba a wuyanta ko wadda ake mannawa da gam ɗin fayif. Ka nemi kusoshin tagulla ko na ƙarfe marar tsatsa, ko da sun ɗan fi tsada. Laimar Jidda da gishirin teku ba sa barin baƙin ƙarfe ya daɗe, balle a ƙara da ruwan wankin masai mai asid da ake kwararawa a gindin kujera.

Abu biyu ake yawan tararwa a nan ƙasar, kuma ina zargin ɗayansu a gidanka. Na farko, an shimfiɗa sabon tayil a kan tsoho lokacin kwaskwarima, sai filanja ta nutse ƙasa da daɓe. Ƙa'ida leɓenta ya zauna a kan tayil, ya ɗan ɗara shi da kamar milimita 6. In ta nutse, akwai zoben ƙari da ake ɗorawa a kai. Ban yarda da jera kaki biyu ba, musamman a garin da zafi ke narkar da abu, ni na fi son abin toshi na roba a nan. Na biyu, ka ɗaga ka tarar babu filanjar ma sam. Gidaje da yawa haka aka haɗa su: an zura bakin kujera cikin robar bututu, an zaunar da ita a kan siminti, ko an kafe ta da sukurori biyu a cikin fisha, wato 'yar robar nan da ake cusawa a rami don sukuru ya kama. In haka ne, a canza robar, a huda sababbin ramuka, a sa sabuwar fisha. Mai hudawa ya kashe bugun injin har sai ya wuce tayil, kuma kada ya zurfafa fiye da tsawon fishar, don ƙarƙashi akwai shimfiɗar hana yoyo, wani lokaci har da fayif ɗin ruwa.

Kafin a mayar da komai, ka ƙwanƙwasa tayil ɗin da ke kewaye da bayan sukundireba. In yana amo kamar ganga, ko yana lotsawa in an taka, yashin ƙarƙashi ya jiƙe ya zaizaye. Nan babu gajeriyar hanya. A ɗaga tayil biyu ko huɗu, a kwashe ruɓaɓɓen yashin, a bar wurin ya bushe, a cike da kwaɓi mai ƙarfi. Sukuru ba ya kama laka, duk filanjar da aka kafa a kan irin wannan ƙasa wata biyu ne za ta saki.

Wajen zaunar da kujera, a fara gwada ta ba tare da abin toshi ba, a ɗora ma'aunin lebur a kai. In akwai gefen da bai taɓa ƙasa ba, a tura 'yan siraran robobi masu tsini a cike gurbin, ba guntun katako ko kwali ba, waɗannan ruwa zai cinye su. A yi wa wurinsu alama, a ɗaga, a cire tsumman nan (an sha mantawa da shi), a sa abin toshi, a sauke kujerar kai tsaye a kan kusoshi ba tare da murɗawa ba. Wani ya zauna a kai ya danne. A ɗaure noti kaɗan a dama, kaɗan a hagu, ana juyawa, da zarar ta daina motsi a tsaya.

Kada a yi gaggawar shafa silikon. A busar da ƙasa, a zagaye gindin da takardar shafa, a ɗiga kalar abinci a kwano, a kora ruwa sau biyar ko shida. In takardar ta fito a bushe, kuma kwana biyu babu wari, sai a zagaye da silikon na banɗaki mai hana funfuna, a bar shi awa 24 ruwa bai taɓa shi ba. Wasu suna barin 'yar kafa ta baya don yoyo ya nuna kansa. A banɗakinmu da ake wanke ƙasa kullum da shaɗɗaf, wato tiyon tsarki, ni rufewa nake yi duka, amma sai bayan gwaji.

Tunda haya kake, ka ɗauki hoton abin da aka gani a ƙarƙashi ka tura wa mai gida ko ofishin da ke kula da ginin kafin a fasa tayil ko ɗaya, ka kuma duba abin da yarjejeniyarku ta Ejar, wato ta haya da ake yi wa rajista a tsarin gwamnati, ta ce kan gyare-gyare. Ranar aikin ka tsaya a wurin da kanka, ka ce wa mai gyara sai ka ga bakin bututu da idonka. Kuma tunda injin huda yana hannu, a kafa wa Hajiya ƙarfen riƙo a bango kusa da kujerar. Mai ciwon gwiwa yakan faɗa kan kujera da nauyinsa duka, ya kuma dogara da gefe ɗaya wajen tashi, wannan ma yana cikin abin da ke karya leɓen filanja.